Bayan Canza Bod da Furosesa: A Bar Tsohon Windows, Ko a Zuba Sabo?

A Michika, kamar yadda yake a Bazza da Uba da Mubi, kwamfutar shagon buga takardu ita ce jarin mai shago. Da ita ake tsara katin biki da kalandar ƙungiya, da ita ake cike fom ɗin makaranta da ciro sakamakon jarrabawa, a kanta kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da na Jami'ar Jihar Adamawa ke buga ayyukansu na ƙarshe. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, har iyayen da ba su taɓa danna kibod ba sun san hanyar waɗannan shaguna. Galibin injinan na hannu ne, Dell da HP da Lenovo da suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka. Suna da ƙarko, amma wutar da ke hawa da sauka, da tsawar damina a gindin duwatsun Mandara, da ƙurar hunturu, ba sa raga musu. Ɓarnar da ta fi ɗaga wa mai shago hankali ita ce ta babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, wanda masu gyara ke kira bod.

Idan bod ya ƙone aka samo wani, sau da yawa tare da wani furosesa, sai wata tambaya ta taso. Faifan ajiya yana nan lafiya, da Windows a cikinsa, da manhajoji, da aikin shekaru. A mayar da shi yadda yake, tsohon Windows ya saba da sabon bod, ko a goge a zuba sabo? Masu gyara sun rabu biyu. Wani zai ce, “Oga, a yi fomat kawai, hankalinka ya kwanta.” Wani zai ce, “Maigida, kada a taɓa komai tukuna, a bari mu kunna mu gani.” Masu fomat da masu bari duka daga abin da hannunsu ya taɓa suke magana, kuma kowane ɓangare yana da ranar da gaskiya ke wajensa. Kafin a ce wane ya rinjaya, sai an ɗora hujjojinsu a sikeli ɗaya bayan ɗaya.

Da farko sai an san abin da ke canzawa. Babbar manhaja, wato Windows, a faifan ajiya take zaune, amma ba ta magana da sassan kwamfuta sai ta bakin ƙananan manhajojin da ake kira direbobi: na sauti, na hoto, na intanet, na ƙofofin USB, da na hanyar da faifan kansa ke bi. Kusan dukkan waɗannan sassa a jikin bod suke. Shi ya sa canjin furosesa da canjin bod ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya cire Core i3 ya sa Core i5 a bod ɗin da aka saba, Windows zai gane baƙon, ya nemi a sake kunna inji, ya ci gaba da aiki. Furosesan Intel da na AMD duka tsarin x86 suke bi, don haka manhajar da ta yi aiki a kan wannan za ta yi a kan wancan. In an sami cikas a nan, galibi daga bod ne, domin wani lokaci sai an sabunta BIOS ɗinsa kafin ya karɓi sabon furosesa. Wanda ya canza bod kuwa, a tashi ɗaya ya canza kusan duk abin da Windows ya sani game da injin.

Sai dai ba kullum ake samun damar canza ɗaya a bar ɗaya ba, domin kowane furosesa da irin mazauninsa. Kamfanin Intel ya fito da LGA 1155 a 2011 don furosesansa na zubi na biyu da na uku, LGA 1150 a 2013 don zubi na huɗu, LGA 1151 a 2015, LGA 1200 a 2020, sai LGA 1700 a 2021. Ko a cikin LGA 1151, bod ɗin zubi na shida da na bakwai ba ya karɓar furosesan zubi na takwas, duk da cewa a ido mazaunin ɗaya ne. AMD ya fi haƙuri, ya riƙe AM4 shekara da shekaru, amma AM5 da ya kawo a 2022 ba ya karɓar RAM sai DDR5. Mai shagon da bod ɗinsa na zubi na uku ya mutu, bai samu irinsa a Mubi ba, yana iya ƙarewa da sayen bod da furosesa da RAM gaba ɗaya. A laftof ma babu zaɓi, tunda daga wajen 2015 galibi liƙe furosesa ake yi da dalma a jikin bod.

Abin awo na farko: injin zai tashi? Masu fomat tarihi na bayansu. A zamanin Windows XP na 2001 da Windows 7 na 2009, babbar manhaja kan riƙe direban faifan da ta tarar ranar da aka zuba ta, ta kwantar da sauran. In aka kai ta bod mai wata hanyar faifai daban, sai ta nemi faifanta ta rasa, allo ya yi shuɗi, lamba 0x0000007B ta fito, inji ya yi ta kashe kansa yana kunnawa har a gaji. Duk wanda ya koyi gyara a waɗannan shekaru ya ga wannan shuɗin allo har ya haddace lambar, daga nan ya riƙe cewa sabon bod sai sabon Windows. Darasin bai tsufa gaba ɗaya ba, domin akwai shagunan da har yau ke kan Windows 7 saboda tsohuwar firinta ko tsohuwar manhaja. Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba, don haka a bod na zamani yana iya tashi amma kibod da maus su ƙi motsi. Tun 2017 kuma kamfanin Microsoft ya toshe masa sabuntawa a kan furosesan Intel na zubi na bakwai da Ryzen na AMD.

Masu bari kuwa da halin yau suke kafa hujja. Daga Windows 8 na 2012, musamman Windows 10 da ya fito ranar 29 ga Yuli, 2015, babbar manhaja ta koyi duba injin da take kai a lokacin tashi. In ta ga sassa sun canza, takan dakata ta ce tana shirya na'urori, ta ɗauko direbobin gama-gari da ke cikinta, ta sake kunna kanta sau ɗaya ko biyu, sannan ta buɗe. Faifan da aka ciro daga Dell OptiPlex na zubi na huɗu yakan tashi a HP EliteDesk na zubi na shida, ko daga Intel zuwa AMD ma ana yawan dacewa. Abin da ya rage shi ne a sa direbobin sabon bod, a fara da na intanet, domin in babu shi sauran ba za su sauko ba. Masu amfani da Linux, irin su Ubuntu, sun daɗe da sanin wannan sauƙi, saboda Linux yana tafe da yawancin direbobinsa, yana zaɓen wanda ya dace duk lokacin da ya tashi. Ke nan hujjar masu fomat ta fi kama tsohon Windows, ta masu bari ta fi kama na yanzu. Kowa da zamanin da yake magana a kai.

Akwai kuma ƙin tashin da ba laifin Windows ba ne. Tsofaffin injina da tsarin BIOS suke tashi, faifansu bisa tsarin MBR. Sababbi da UEFI suke tashi, suna neman faifai mai tsarin GPT. In aka haɗa tsohon faifai da sabon bod, inji zai ce bai ga abin da zai tashi da shi ba, alhali komai yana nan. Haka in hanyar faifai a tsohon bod tana kan AHCI, a sabon kuma ta zo a kan RAID, kamar yadda injinan Dell da yawa ke zuwa. Mai bari zai shiga saitin bod ya kunna CSM, mai kwaikwayon tsohon BIOS, ko ya daidaita AHCI, cikin 'yan mintuna aiki ya tashi. Zai ma iya juya faifan zuwa GPT ba tare da gogewa ba, da MBR2GPT da ke cikin Windows 10 tun 2017. Mai fomat zai amsa cewa wannan dabara tana ƙurewa, domin a 2017 ɗin Intel ya sanar zai daina tallafa wa tsohon tsarin BIOS daga 2020, kuma injinan kamfanoni na baya-bayan nan da dama ba su da CSM ɗin da za a kunna.

Abin awo na biyu shi ne lafiyar inji bayan ya tashi, kuma a nan masu fomat ke da babbar hujjarsu. Windows ba ya share direbobin tsohon bod da kansa, ajiye su yake yi a gefe. Yawancinsu ba sa cutarwa, amma manhajojin da kamfanin tsohon inji ya saka don sarrafa fanka da wuta da sauti sukan ci gaba da tashi suna neman sassan da babu su. Daga nan ake samun injin da ke ƙin farkawa in ya yi barci, ko sautin da ke ɗaukewa, ko shuɗin allo jefi-jefi da ba a san mafarinsa ba. Ciwon da ba ya nuna kansa a gaban mai gyara ya fi cin kuɗi, balle in sai an ɗora inji a mota an bi ta Mararraba zuwa Mubi. Masu bari ba su musa ba, sai dai sun ce abin yana da magani: a cire manhajojin tsohon kamfani, a shiga Device Manager a bayyana ɓoyayyun na'urori a share su, a sa direbobin sabon bod daga shafin mai shi. In tangarɗa ta ci gaba, ana iya sake zuba Windows a kan kansa daga ciki, a zaɓi barin fayiloli da manhajoji. Fomat yana ba da tabbaci nan take. Bari yana buƙatar mai gyara mai sani da haƙuri.

Da an zo kan abin da ke cikin faifan kuwa, sai sikeli ya karkata ɗaya gefen. Fayiloli ana iya kwashe su a filash, amma abin da ke kwamfutar shago ya wuce fayiloli. Akwai CorelDraw da aka saita yadda hannun mai zane ya saba, da tarin fon na shekaru, ciki har da irin su Rabiat da Abdalla waɗanda aka daɗe ana buga Hausa mai ƙugiya da su. In fon ɗin ya ɓata, tsohuwar takarda za ta buɗe da wasu alamomi daban a gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Akwai direban tsohuwar firinta da na na'urar ɗaukar zanen yatsa, da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe wa mai shago har ya manta su. A wannan yanki kuma takarda tana da nauyi na daban. Mayaƙan Boko Haram sun mamaye Michika a Satumban 2014, suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, sai a ƙarshen Janairun 2015 sojoji suka ƙwato Michika. Mutane da yawa sun dawo sun tarar da takardun makaranta da na fili sun ƙone ko sun ɓace. Wanda ya ga haka ya san darajar kwafi, kuma kwafin da wani ya ɗauka a sikana yana iya zama a kwamfutar shago ɗaya kacal, a wani lungu da yaron shago bai leƙa ba ranar da yake kwashe kaya kafin fomat.

Amma faifan da ya tara alheri ya tara sharri ma. Kwamfutar da filash ɗin kowa ke shiga cikinta daga safe zuwa dare ba ta rasa bairos, musamman irin wanda ke ɓoye fayiloli ya bar shotkot a madadinsu. Akwai manhajojin sata da suka shigo da abin da ba a gayyata ba, da ragowar abubuwan da aka saka aka cire. Wanda ya kai tsohon Windows kan sabon bod ya tafi da duk wannan, sai ya yi ta mamakin yadda ya kashe kuɗi amma inji bai ƙara gudu ba. Akwai ma abin da fomat kaɗai ke iya yi. Windows mai bit 32 ba ya cin moriyar RAM da ya wuce gigabait 4, kuma ba a mayar da shi mai bit 64 sai an goge an zuba. Wanda ya sayi gigabait 8 ya bar mai bit 32 ya biya kuɗin abin da rabinsa zai zauna a banza.

Sai kuɗi da lokaci. Zuba Windows daga filash zuwa faifan SSD bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma wannan ne lissafin da mai fomat ke nunawa. Abin da ke biyo baya ne mai tsawo: sabuntawa, direbobi, Office, manhajar zane, firinta, saiti. Fayil ɗin Windows 10 ko 11 shi kaɗai ya haura gigabait 5, ga sabuntawar da ke binsa, kuma Windows 11 yana neman intanet da asusun Microsoft tun a lokacin zubawa. A inda data ke da tsada, sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kowace sa'a kuma fetur ce a janareta ko caji a batirin sola, wannan yini ɗaya ne ko biyu da shago ba ya karɓar aiki. In ya faɗo a makon rajistar jarrabawa, asarar tana iya fin kuɗin bod. Gwada tsohon Windows kuwa, in an dace, aikin sa'a ɗaya ne. In ba a dace ba, sa'ar ce kawai ta tafi, fomat yana nan yana jira. Wanda ya fara da fomat ba shi da hanyar komawa. Duk da haka mai fomat zai ce gara yini biyu da aka san ƙarshensu da wata uku na ƙananan matsaloli, kuma ga shagon da ba shi da mai gyara kusa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai abubuwa biyu da ba su cika kula da wane ɓangare aka bi ba. Na farko lasisi. Tun Windows XP Microsoft ke ɗaure lasisi da sassan inji, kuma a lissafinsa bod shi ne kwamfuta, kamar yadda takardun mota ke bin lambar shasi: a canza taya, a canza batir, mota tana nan, amma sabon shasi sabuwar mota ce. Canjin furosesa shi kaɗai ba kasafai yake taɓa lasisi ba. Canjin bod kuwa yakan sa rubutu ya fito a kusurwar allo yana neman a tabbatar da Windows, wani lokaci da lamba 0xC004F211. Lasisin da ya zo tare da inji daga kamfani na wannan bod ɗin ne, sai fa in an musanya shi da irinsa saboda lalacewa. Lasisin da mutum ya saya daban yana iya ƙaura da shi. Tun sabuntawar Agustan 2016, wanda ya haɗa lasisinsa da asusun Microsoft yana iya shiga ya shaida cewa ya canza sassa. Fomat ba ya dawo da lasisin da ya tafi, bari ma ba ya riƙe shi. Abin da kan taimaki mai sayen kayan hannu shi ne, tun Windows 8 kamfanoni ke dasa mabuɗin lasisi a cikin bod, don haka bod ɗin Dell ko HP yakan zo da nasa. Sharaɗin shi ne nau'i ya dace: in na bod Pro ne, na tsohon faifai Home, sai an daidaita, alhali Windows da aka zuba sabo yakan karanta mabuɗin ya zaɓi nau'in da kansa. A wannan gaɓa masu fomat sun ɗan fi sauƙi.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne kulle. BitLocker yana rufe faifai gaba ɗaya, ya ba wani ɗan sashe mai suna TPM ajiyar mabuɗi. A tsofaffin injinan ofis TPM a jikin bod yake, a injinan AMD na yanzu kuwa galibi cikin furosesa yake aiki. A nan canjin furosesa kaɗai ya isa ya tayar da ƙura: bod zai tambaya ko a share TPM, wanda ya danna Y bai shirya ba ya jefar da mabuɗinsa. In mabuɗi ya tafi, Windows zai tsaya yana neman wata lamba mai alƙaluma 48. Mai lambar zai shiga ya tarar da komai. Marar ita ba shi da hanya, a Mubi ne ko a Legas ko wajen Microsoft ɗin kansa. Fomat ya zama dole, kayan ciki kuma sun tafi. Lambar takan kasance a asusun Microsoft da aka shiga injin da shi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar wani yaro ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa, ya bar gari. Masu fomat ma bai kamata su ga abin bai shafe su ba. Tun sigar 24H2 ta Windows 11 da ta fito a Oktoban 2024, Windows da aka zuba sabo kan kulle faifai da kansa a injinan da suka cika sharaɗi da zarar an shiga da asusu, har a nau'in Home. Wanda aka yi wa fomat yau ba a rubuta masa lambarsa ba, matsalarsa tana jiran ranar da bod na gaba zai ƙone.

Abin awo na ƙarshe shi ne gobe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin tsaro ga waɗanda suka yi rajistarsa. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, yana neman TPM 2.0 da UEFI da furosesan Intel daga zubi na takwas, ko Ryzen 2000, zuwa sama. Mai shagon da ya maye bod na zubi na huɗu da wani irinsa, tsohon Windows ɗinsa zai tashi ba gardama, kuɗin ma kaɗan ne, amma ya tsaya a kan manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ga bayanan mutane suna wucewa ta cikinta kullum. Wanda ya tsallaka zuwa zubi na takwas ya sami damar hawa Windows 11, kuma da yake tazarar ta yi faɗi, RAM ya koma DDR4, faifai yana neman GPT, hujjar fomat ta ƙaru a kansa. Ko shi ɗin ma, in Windows 10 ɗinsa mai bit 64 ne, yana iya tayar da shi, ya juya faifai, ya ɗaga zuwa 11 daga ciki da manhajojinsa a tsaye.

Ga inda nake ganin sikeli ya tsaya. In Windows 10 ne ko 11 mai bit 64, kuma lafiyarsa ƙalau kafin bod ya mutu, a gwada shi tukuna. Gwajin sa'a guda yake ci, abin da yake tsarewa kuwa wani ba ya sayuwa. In Windows 7 ne, ko mai bit 32, ko wanda bairos ya riga ya ci, ko na sata da ba a san abin da aka cusa a cikinsa ba, ko an gwada tangarɗa ta ƙi ƙarewa bayan mako ɗaya ko biyu, to fomat ne daidai, jinkirta shi ɓata lokaci ne. Masu bari sun rinjaya a kan abin da za a fara da shi, masu fomat sun rinjaya a kan inda za a koma in na farko ya gaza. Mai hali kuma yana iya haɗa amfanin biyun: ya sayi ƙaramin SSD a zuba sabon Windows a kai, a ajiye tsohon faifai ba a taɓa shi ba har sai an tabbatar babu abin da aka baro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fomat na sabo, wanda ake yi don shi aka koya, tun kafin a kunna inji a ga ko zai tashi.

Ko wace hanya za a bi, rabin nasararta tun inji na da lafiya ake shirya shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shago ya riƙa kwafe aikinsa a wani faifai da ba ya kwana a shagon. Ya san nau'in Windows ɗinsa, ya haɗa lasisin da asusun da shi kansa ke riƙe da kalmar sirrinsa, ya rubuta alƙaluman nan 48 a takarda ya adana. In canjin na ganin dama ne, a dakatar da BitLocker, a sauke direban intanet na sabon bod a filash kafin a ɗauki sukudireba. Mai gyara kuma, kafin ya ce fomat ko bari, ya tambayi mai inji abu uku: wane Windows ne a ciki, faifan a kulle yake, kuma akwai kwafin abin da ke kansa a wani wuri? Bod ana samun wani a kasuwa, Windows ana sake zubawa, amma takardun da mutane suka bar wa shago amana ce, kuma duk shawarar da za a yanke a kan faifai ya kamata ta fara daga tsare su.